Shimfiɗar fuska da shimfiɗar tabarma: tsabtar ɗakunan otel da kukan baƙi

Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Maganar gaskiya ce, domin baƙon da aka tarbe shi da fara'a a zauren talaka yakan kwana da daɗin rai ko da tabarmar ta tsufa. Amma akwai wurin da karin maganar nan ba ya isa shi kaɗai, wato otel. Wanda ya sauka otel kuɗinsa ya biya, kuma abin da ya biya ya haɗa duka biyu: fuska a sake, shimfiɗa kuma a tsabtace. Idan shimfiɗar ta ɓaci, ya koma wurin masu gida da kukansa, a nan ne ake gane ko fara'ar da aka yi masa a bakin ƙofa ta gaskiya ce ko kuwa ta karɓar kuɗi ce.

Wannan magana ta shafi ma'aikacin gwamnati da aka aika aiki wata jiha, ta shafi ɗan kasuwa, ta shafi mai rakiyar maras lafiya zuwa babban asibiti. Ta shafi kuma dubban mutanen da ke cin abinci ta hanyar shara da wanki da gyaran gado, waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai ranar da wani abu ya lalace.

Daga zauren fatoma zuwa otel

Saukar da baƙo tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, ayari kuma na sauko da gishirin Bilma zuwa kasuwannin kudu, kowane babban gari yana da fatoma, wato mai masauki. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Jarin fatoma sunansa ne. In ya wulaƙanta bafatake guda, labari zai riga shi isa zango na gaba, baɗi kuma ayarin ya sauka gidan wani.

Yau masauki ya sake kama. A Yamai akwai otel Gaweye a bakin kogi, da waɗanda aka buɗe a shekarar 2019 domin taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli, irin su Radisson Blu da Noom da Bravia. A jihohi kuwa, bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi ya sa an gina masaukai da dama: Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018. Haka kuma gasar kokowar gargajiya ta takobi, wadda aka soma a Tawa a 1975, takan cika duk wani ɗakin haya na garin da ya karɓi baƙuncinta. Ban da waɗannan ga ƙananan masaukai na kusa da tashoshin mota, masu ɗaki goma ko goma sha biyar, inda yawancin matafiya ke kwana.

Gina ɗaki aikin wata shida ne ko shekara. Riƙe shi da tsabta kuwa aikin kowace safiya ne, kuma babu wanda ke yanka kirtani ko ya yi jawabi a kansa. Ginin ya canza, amma dokar fatoma tana nan yadda take: sunan gida shi ne jarinsa.

Abin da baƙi ke kuka da shi

A ɗauki misalin ma'aikacin da ya taso daga Yamai da asuba zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900. Ya iso bayan isha'i, jiki duk ƙura, ba abin da yake so sai wanka da barci. An ba shi mabuɗi, ya buɗe ɗaki. Zanen gado a shimfiɗe yake sumul, amma da ya ɗaga matashin kai sai ga gashin wani. Tawul yana da danshi. A kwandon shara akwai ɓawon lemo na wanda ya tashi jiya. Ya murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kashe shi, amma dukansu magana guda suke faɗa masa: ba a shirya wa zuwansa ba.

Kukan baƙi a ƙasar nan yakan bi yanayin shekara. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce: ɗakin da aka goge da safe, kafin la'asar ana iya rubutu da yatsa a kan teburinsa, musamman idan tagogi ba sa rufuwa da kyau. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kukan ruwa ne da wuta, da na'urar sanyaya ɗaki da ke hura wari saboda an daɗe ba a wanke matatarta ba. Da damina kuwa sauro ne da kyankyaso, da warin danshi a katifa, da gidan sauro, wato sange, wanda ya yage ko babu shi sam. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin baƙon da ya kwana biyu ba sange a watan Agusta yana iya komawa gida da zazzaɓin cizon sauro.

Akwai kuma abin da baƙon waje ba zai kula da shi ba, amma ɗan ƙasa shi yake fara dubawa: buta. Makewayin da aka ƙawata da madubi da farar tangaran, amma babu buta mai tsabta, babu wurin da mutum zai yi alwala ya shimfiɗa darduma hankali kwance, bai cika ba a idon yawancin masu sauka.

Ba kowace matsala ce ke fitowa daga sakaci ba. Garin Damagaram a kan dutse yake zaune, daga nesa ake jawo masa ruwa, daga wurare irin su Gogo da Arunguza, kuma mutanensa sun daɗe da sanin ƙarancin ruwa. Mai otel ba shi da iko a kan wannan. Abin da yake da iko a kai shi ne ya tanadi tanki, ya yi yarjejeniya da ƴan ga-ruwa, ya sa a ajiye bokiti cike a kowane makewayi, sannan ya gaya wa baƙo gaskiya tun kafin ya karɓi kuɗinsa.

Kuɗin cizo, baƙon da ba ya biyan haya

Cikin dukan koke-koke babu mai ɓata sunan gida kamar kuɗin cizo, wanda wasu ke kira gazunzumi. Ƙwaro ne da bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, falale, mai launin ƙasa-ƙasa. Da rana yana ɓuya a ɗinkin katifa, da mahaɗar katakon gado, da tsagar bango. Da dare ya fito ya sha jini. Macen takan yi ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Yana iya yin watanni bai ci kome ba, saboda haka rufe ɗaki a bar shi ba ya kashe shi. Likitoci ba su same shi da yaɗa wata cuta ba, amma ƙaiƙayi da hana barci da yake jawowa sun isa, ga kuma tsoron kwasarsa a cikin jaka a kai gida.

Ya kamata a gane cewa ƙwaron nan ba datti yake bi ba, jini yake bi, kuma cikin kayan matafiya yake tafiya. Otel mafi tsada yana iya samunsa daga jakar baƙo guda. Bayan yaƙin duniya na biyu maganin DDT ya kusa kawar da shi a ƙasashen Turai da Amurka, amma ya saba da magunguna, ya dawo da ƙarfi tun ƙarshen shekarun 1990. A 2023 hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa ta bayyana cewa gidaje 11 cikin 100 na ƙasar sun yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022, kuma a ƙarshen wannan shekara birnin Paris ya ruɗe da zancensa ana shirin wasannin Olamfik na 2024. Ashe samun kuɗin cizo a ɗaki ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a gaya wa baƙon da ya nuna cizo a jere a damtsensa cewa sauro ne, sannan a ba wani ɗakin washegari.

Alamominsa a fili suke ga wanda aka koya wa dubawa: baƙaƙen ɗigo kamar na tawada a gefen katifa, da ɗigon jini a zane. Zafi ne babban maganinsa. Wankin zane da ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe shi har da ƙwansa, guga mai zafi ma na taimakawa. Shanya katifa a rana, yadda aka saba, yana rage shi, amma wanda ya ɓuya a katako da bango yana nan yana jira.

Inda haɗari yake shi ne wajen feshi. Mai otel da baƙo ya yi wa faɗa yakan aika kasuwa a sayo magani mai ƙarfi, irin Sniper ko wanda ake kira piya-piya, a fesa, a rufe ɗaki, da yamma a ba wani. Irin waɗannan magunguna galibi suna ɗauke da sinadarin DDVP, wanda Faransa ta hana amfani da shi a gidaje tun 2013 saboda gubarsa. A watan Agusta na 2018 wasu mata da miji ƴan Ingila suka rasu a wani otel na garin Hurgada, a ƙasar Masar. Binciken da aka kammala a Ingila a 2023 ya nuna cewa maganin kuɗin cizo ne aka fesa a ɗakin da ke maƙwabtaka da nasu, tururinsa ya bi ta ƙofar da ke tsakani ya same su cikin dare. Garin gyaran gira an rasa ido. Feshi aikin masana ne, a ɗakin da babu kowa a ciki ko kusa da shi, a buɗe tagogi ya sha iska sosai, kuma a maimaita bayan kamar mako biyu domin ƙwan da ya tsira.

Dattin da ido ba ya gani

Baƙo yana kuka da abin da ya gani, amma abin da ya fi cutarwa sau da yawa ba ya ganuwa. A watan Yuli na 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi babban taro a wani otel na birnin Filadelfiya. Da suka koma gida, fiye da mutum 180 suka kwanta da ciwon huhu, 29 daga cikinsu suka rasu. Sai a watan Janairu na 1977 aka gano ƙwayar cutar, aka raɗa mata suna Lejiyonela. Otel ɗin kuwa bai kai ƙarshen 1976 ba aka rufe shi, domin baƙi sun ƙaurace masa. Ƙwayar nan cikin ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye take hayayyafa, tsakanin digiri 25 da 45, kuma ta hanyar shaƙar feshin ruwa take shiga huhu, kamar lokacin wanka da shawa. Duk wanda ya san tankin da ke kan soro a watan Afrilu ya san irin ɗumin da ake nufi. Maganin abin mai sauƙi ne: a riƙa wanke tanki a rufe bakinsa, ɗakin da ya yi kwanaki babu kowa kuma a saki famfunansa su zuba na ɗan lokaci kafin a saukar da baƙo.

Sai kuma tsumma. A watan Nuwamba na 2018 wani matafiyi a ƙasar Sin ya watsa hoton bidiyo da ya ɗauka a ɓoye a manyan otel-otel 14 masu tsada. An ga masu gyaran ɗaki suna goge kofin shan ruwa da tawul ɗin da baƙo ya yi amfani da shi, ko da tsumman da aka goge makewayi. Ɗakin yana ƙyalli, kofin yana ƙyalli, amma wanda ya sha ruwa da shi bai san abin da ya sha ba. Ƙa'idar aikin sananniya ce a makarantun koyon wannan sana'a: a fara daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti, masai shi ne na ƙarshe, tsumman makewayi launinsa daban, ba ya shiga ɗaki. Ruwan jabel a sirka shi da ruwa bisa ma'auni, kada a haɗa shi da wani maganin wanki, domin haɗin yana tayar da iska mai guba wadda mai aikin ce za ta fara shaƙa.

Turaren wuta da na fesawa suna da daɗi, amma ba sa wanke kome. Ɗakin da ƙamshinsa ya yi yawa, wani lokaci wari yake ɓoyewa.

Wadda ke riƙe da tsintsiya

Idan ɗaki ya ɓaci, kowa mai shara yake nema. Amma kafin a ɗora mata laifi, akwai tambayoyi uku da ya kamata a yi: ɗaki nawa aka ba ta, minti nawa ga kowanne, kuma da wane kayan aiki? Gyaran ɗakin da baƙo ya tashi, a cire zane, a sa wani, a wanke makewayi, a share a goge, yakan ci kimanin rabin awa. Wadda aka ba ɗaki 25 da tsumma guda da guntun sabulu, dole ta yi dabara, dabarar kuwa ita ce ta karkaɗe zanen jiya ta sake shimfiɗa shi. Haka kuma gidan da ke da zane guda ga kowane gado ba zai taɓa samun tsabta ba, ko wa aka ɗauka aiki. Masu sana'ar sun ce uku ake bukata: ɗaya a kan gado, ɗaya wajen wanki, ɗaya a ajiye.

Wannan matsala ba ta ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. A watan Yuli na 2019 mata kimanin 20 masu gyaran ɗaki a otel Ibis na unguwar Batignolles a Paris, yawancinsu ƴan asalin Afirka, suka shiga yajin aiki. Ana bukatar kowace ta gyara ɗaki uku da rabi a awa guda, wato minti 17 ga ɗaki. Sun yi wata 22 suna fafutuka, sai a watan Mayu na 2021 aka rage musu yawan ɗakuna aka ƙara musu albashi. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Rachel Keke, haifaffiyar Kodibuwa, an zaɓe ta ƴar majalisar dokokin Faransa a 2022, ta zauna har 2024. Darasin da ke ciki ga mai otel a Maraɗi ko Ƙwanni shi ne, tsabtar ɗaki daga ofishin mai gida take farawa, ranar da yake raba aiki da sayen kaya.

Akwai kuma matsayin da ƙananan masaukai da yawa ba su da shi: mai duba ɗaki bayan an gyara. A manyan otel-otel shugabar masu gyara ce ke shiga da takarda a hannu, ta ɗaga matashi, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta murɗa famfo, sannan ta ce a bayar da mabuɗi. Minti biyar ne, amma su ke hana yawancin koke-koken dare.

A gaban teburin karɓar baƙi

A koma ga ma'aikacin nan da ya iso Damagaram. Ya sauko da tawul a hannu, ya tarar da saurayi guda a bakin tebur. Amsoshin da aka saba ji iri huɗu ne. Na farko musu: «Ai yau da safe aka canza shi.» Na biyu turawa: «Mai gida ba ya nan, sai gobe.» Na uku haƙuri tsura: «Yi haƙuri, Malam», ba tare da an motsa daga kujera ba. Na huɗu, wanda ya fi muni, a kirawo mai shara, wataƙila dattijuwa ce da ta haifi mai kiran, a zazzage ta a gaban baƙo domin ya huce. Baƙo mai mutunci ba ya hucewa da wannan, kunya ce ke kama shi, ya yi da-na-sanin buɗe baki, gobe kuma ba zai sake magana ba, ba zai kuma sake dawowa ba.

Amsar da ta dace ba ta da tsada. Saurayin ya miƙe tsaye, ya saurara har baƙo ya gama ba tare da ya katse shi ba. Ya ce: «Ranka ya daɗe, mu je in gani.» Zuwa a gani da ido shi ne rabin maganin, domin baƙo ya san an gaskata shi. In abin haka yake, ya amsa laifi da sunan gidan gaba ɗaya: «Wannan kuskurenmu ne, a gafarce mu.» Sannan ya ba da zaɓi da lokaci: «Akwai wani ɗaki a shirye, sai mu kai kayanka yanzu, in kuwa nan ka fi so, a ba mu minti goma sha biyar.» Bayan an gyara, ya koma ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko an samu yadda ake so. Da safe mai gida da kansa ya gaishe da baƙon, in abin ya yi tsanani ya rage masa kuɗin ɗaki tun bai tambaya ba.

Sai dai saurayin nan ba zai iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba in ba a ba shi iko ba. A masaukai da yawa mabuɗin ɗakin ajiyar zannuwa yana aljihun mai gida, shi kuwa yana gidansa yana barci. Mai tebur ba shi da izinin sauya ɗaki, balle rage ko dala. Abin da baƙo ke ɗauka rashin kunya ne ko taurin kai, sau da yawa tsoro ne: yaron ya san in ya yanke shawara, daga albashinsa za a cire. Mai gidan da ya bar wa ma'aikacin dare zane biyu masu tsabta, da tawul, da mabuɗin ɗaki guda na ko-ta-kwana, da izinin yin amfani da su, ya sayi sunan gidansa da araha.

Wajibi ne kuma a ajiye littafin koke-koke, a rubuta rana, da lambar ɗaki, da abin da ya faru, da abin da aka yi. Ba domin kama mai laifi ba. Idan aka duba bayan wata guda aka ga ɗaki mai lamba 7 ya fito sau biyar da kukan wari, an san ba mai shara ba ce, bututu ne ya toshe. Littafin yana kare ma'aikaci kamar yadda yake kare baƙo.

Babbar barazana ga mai otel a ƙasar nan ita ce baƙon da ba ya kuka. Tarbiyya ta koya wa mutane kawaici. Mutum ya kwana a zaune saboda cizo, da safe a tambaye shi kwanan baƙunci ya ce lafiya lau. Amma yana shiga mota zai ba na kusa da shi labari, a ofis ya gaya wa abokan aiki, yanzu kuma ga wayar hannu: hoto guda na zane mai datti yana zagaye WhatsApp da Facebook kafin motar ta kai Tasawa. Wanda ya sauko ya faɗa ido da ido alheri ya yi wa gidan, domin ya ba da damar gyara tun magana ba ta fita ba. Irin wannan godiya ya cancanta.

Nauyin baƙo da na hukuma

Baƙo ma yana da nasa nauyi. Da shigarsa ɗaki, kafin ya kwance kaya, ya ajiye jaka a kan tebur ba a kan gado ba, ya ɗaga zane ya dubi gefen katifa, ya murɗa famfo, ya duba sange. In da magana, ya faɗe ta a lokacin, ga mai tebur, cikin ladabi. Kukan da aka kai bayan kwana uku, ranar biyan kuɗi, yakan yi kama da neman ragi ko da gaskiya ne. Kada ya huce fushinsa a kan mai shara ko mai gadi, waɗanda ba su ne ke sayen zane ba. Ya kuma tuna cewa wani zai kwana bayansa: goge takalmi da tawul, tofar da tuƙar goro a kusurwa, zuba ragowar shayi a makewayi har ya toshe, duk aiki ne da ake bar wa wata baiwar Allah.

Ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi masu shirya taro su ne manyan masu kama ɗakuna a jihohi, saboda haka maganarsu tana da nauyi. Jami'in da aka ɗora wa saukar da mahalarta taro, in ya je ya duba ɗakuna da idonsa kafin ya sa hannu, ya kuma rubuta wa mai otel abin da aka gani bayan an watse, zai gyara abin da faɗan mutum ɗaya ba zai gyara ba. Hukuma kuma tana da hurumi: tun 1993 ƙasar Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a, kuma akwai ma'aikatan tsabta, waɗanda jama'a ke kira duba-gari. Ziyararsu za ta fi amfani idan ba ta tsaya ga ɗakin girki da takardu ba, ta kai ga tankin ruwa, da wurin wanki, da kwalaben maganin ƙwari da ke ajiye a bayan ƙofa.

An ce baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya wuce. Amma raɓar da ta wuce da labari take tafiya, kuma labarin ba a kan otel kaɗai yake tsayawa ba, har garin yake shafa. Babu gidan da ba a yin kuskure a cikinsa. Zane zai ɓaci, famfo zai ƙafe, ƙwaro zai shigo cikin jakar wani. Gidan kirki shi ne wanda in an nuna masa, sai ya tashi ya gyara, bai ƙaryata baƙo ba, bai kuma tozarta ma'aikacinsa ba. Mai masaukin da ya riƙe wannan ya haɗa shimfiɗa biyu, ta fuska da ta tabarma, kuma ayarin da ya sauka gidansa bana, da yardar Allah, nan zai sauka baɗi.